Ɗaukar hoto da dare

Kyamara da haske take aiki, kamar ido. Da dare haske kaɗan ne, saboda haka takan bar idonta a buɗe, ta daɗe tana tara shi. Idan hannunka ya motsa a lokacin, hoton zai fito dishi-dishi.

Ga abin da za ka yi:

1. Ɗora kyamara bisa katanga ko kifaffen turmi.
2. Kashe filashi. Haskensa ba ya wuce ƴan mitoci, kuma yana dushe kyan hasken fitila.
3. Sa jinkirin sakan 2 ko 10, domin kada danna maɓalli ya girgiza ta.
4. In mutum za ka ɗauka, nemi izininsa, ya tsaya cik kusa da fitila.

Rubutu da haske

Daidaita kyamara ta buɗe ido har sakan 10. Tsaya gabanta cikin duhu, ka fuskantar da tocila gare ta, ka zana harafi a iska. Zai fito a hoton kamar zaren wuta. Fara da A, O ko T, domin irin su B da K a juye suke fitowa, kamar cikin madubi.