Amsa Kiran Salla a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Tun lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙe sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya duƙufa ga kafa ribaɗi a iyakokin daula, har ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal yana tsaron kudu maso yammacin Sakkwato, muryar ladani ta kasance tuta ce da matafiyi yake shaida garin Musulunci da ita, domin fuƙaha'u na Malikiyya sun hukunta cewa kiran salla a birni farali ne na kifaya, wanda idan mutanen gari suka haɗa kai a kan barinsa ana yaƙarsu. Shehu Usmanu da kansa ya ware babi a Ihya'us Sunna game da kiran salla da iƙama. Saboda haka ɗaliban da suka durƙusa a zaurukan malamai, daga Tambuwal da Dogon Daji har ƙauyukan Kebbe, sun koyi ladubban amsawa tare da hukuncin alwala da taimama.

Abin da suka gada daga Muhtasar na Shaihu Halilu shi ne, mustahabbi ne ga wanda ya ji kira ya riƙa maimaita lafazin ladani, kabbara biyu da kalmomin shahada, sa'an nan ya tsaya nan. Kuma da yake ladanin Malikiyya yakan faɗi shahada da murya ƙasa-ƙasa kafin ya sake ɗaga ta, abin da malamai ke kira tarji'i, mai amsawa ba ya bin sa a maimaicin. Har mai nafila an yarda masa ya amsa yana cikin sallarsa, ban da mai farilla. Bayan haka sai salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da roƙa masa wasila. Hikimar wannan sauƙi a fili take, domin manomi a fadama, da mai jaki a hanyar kasuwa, da matar da ke cikin kulle tana daka, duk suna samun ladan ba tare da sun ajiye aikin hannunsu ba.

Ƙarni na ashirin ya zo da abu biyu. Na farko wa'azin rediyo ne, musamman na Shaihu Abubakar Gumi, mutumin Gummi da ke maƙwabtaka da Kebbe, da kuma ƙungiyar Izala wadda aka kafa a Jos a 1978. A wannan zamani ne aka yawaita karanta littattafan hadisi ga jama'a, sai matasa suka fi karkata ga ruwayar Sayyidina Umar da ke cikin Sahihu Muslim, wato bin ladani har ƙarshe, tare da musanya kiran zuwa ga salla da zuwa ga babban rabo da lahaula. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, cikin Malikiyya ma akwai waɗanda suka rinjayar da shi; amma ni a ganina kuskure ne a jingina jahilci ga dattijon da ya tsaya a shahada, alhali a kan maganar Halilu yake tafiya.

Na biyu lasifika ce. A da ladani yakan hau tudu ko matakalar masallaci, muryarsa ba ta wuce unguwa ba, kuma kiran assalatu kafin fitowar alfijir shi ne agogon gari. Yau kuwa, idan Magariba ta yi a Tambuwal, kiraye-kiraye kan taso daga kowace kusurwa suna hawa kan juna, har mas'alar da malamai suka daɗe da tattaunawa a littafi ta fito titi, wato wanne ladani za a amsa wa. Mashhurin zance a mazhaba shi ne a amsa wa na farko da kunne ya riska, ko da wasu malamai sun so a amsa wa kowanne. Kiran da aka naɗa a waya ko aka sako a rediyo daga faifai kuwa, da yawa daga malaman wannan zamani ba su ga a amsa masa ba, tunda babu ladani mai niyya a bayansa a wannan lokaci.