Daga Kamun Maiki zuwa Kamun Kifi: Ma'aunin Bikin da Ke Kare Muhalli

A 'yan shekarun nan ya zama abin yayi a maƙala wa kowane bikin gargajiya lambar kare muhalli. Hujjar da ake kafawa mai sauƙi ce: kakanninmu sun zauna lafiya da daji da ruwa, saboda haka raya bukukuwansu raya muhalli ne. Wannan maƙala na ƙalubalantar wannan hujja. Tsufan biki ba ya wanke shi. Abin dubawa shi ne ko bikin na da dokar hani da ake bi, kuma ko abin da aka taru dominsa yana nan da rai bayan an watse.

Kwatarkwashi, masarautar da ke cikin ƙaramar hukumar Bungudu a bakin hanyar Gusau zuwa Tsafe, ta ishe mu misali. Garin na gindin wani ƙaton dutse, kuma tarihinsa a haɗe yake da bikin kamun maiki, inda a da samari kan hau dutsen su kamo tsuntsun don nuna jarunta, al'adar da tushenta ya girmi kafuwar Musulunci a yankin. Masana tsuntsaye da suka yi aiki a Nijeriya a ƙarni na 20 sun rubuta dutsen a matsayin wurin da maiki ke sheƙa a tare. Maiki ba ƙaramin tsuntsu ba ne: a 1973 wani ya yi karo da jirgin sama a samaniyar Abijan a tsawon mita 11,300. Amma duk wannan ƙarfi bai hana shi rauni wajen haihuwa ba. Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, ɗan kuma sai ya shekara biyar ko fiye kafin shi ma ya fara haihuwa. Tsuntsu irin wannan ba ya jure ɗiba. Kowane babba da aka cire daga dutsen, an cire zuri'ar shekaru masu yawa.

Ba adalci ba ne a ɗora wa bikin alhakin raguwar maiki. Abin da ya fi kashe dangin ungulu, ciki har da maiki, a Afirka ta Yamma shi ne guba da ake zuba wa mushe, da fataucin kawunansu da ƙafafunsu don magani da tsibbu, fataucin da kasuwannin Nijeriya ke kan gaba a cikinsa. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya maiki da ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin halittun da ke daf da ƙarewa. Sai dai wannan na nuna cewa abin da dutsen ya iya ɗauka a zamanin da tsuntsun ke da yawa, yau ba zai iya ba. Duk mai kiran a dawo da kamun maiki kamar yadda yake a da, da sunan yawon buɗe ido, to ya san ba muhalli yake karewa ba. Indiya ta ɗanɗana kuɗar rashin ungulu: maganin dabbobi na diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in, karnukan bola suka yawaita a kan mushe, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 aka haramta bai wa dabbobi maganin.

Argungu ce ta fi kusa da cika sharaɗi. Bikin kamun kifinta, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin al'adun duniya a 2016. Ƙarfinsa ba a ranar gasa yake ba, yana cikin sauran watannin shekara da ake hana su a kogin Matan Fada ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, da kuma taƙaita masunta ga homa da gora. Kifin da ya kai kilo 75 da aka kama a 2005 ba a mako guda ya girma ba. Hani ne ya raine shi. Ga doka, ga mai tsaron doka, ga jama'a da suka yarda da ita tun kafin a ƙirƙiro ma'aikatar muhalli.

Amma ikon Sarkin Ruwa ya tsaya a gaɓar Argungu. Yawan ruwan da ke iso masa ana yanke shi ne can sama, a madatsar Bakolori ta Talata Mafara da aka kammala a 1978, da ta Goronyo da ta biyo baya a kan kogin Rima. Madatsun sun rage ambaliyar da ke cika fadamu, a fadamun kuwa kifi ke hayayyafa. Ashe biki na iya kiyaye dokarsa sarai, kogin ya ci gaba da ramewa. Ga kuma abin da ba a cika lissafawa ba: ayarin motocin manyan baƙi, hayaƙin janareta, da ledojin ruwa da ke kwana a bakin kogi bayan taro. Ko a Ingila, inda bikin Glastonbury ya hana sayar da ruwan gorar roba tun 2019, kuma yake hutar da filinsa shekara guda lokaci-lokaci, kaso mafi girma na hayaƙin irin waɗannan bukukuwa daga tafiye-tafiyen mahalarta yake fitowa. A ganina hutar da filin ya fi hana gorar ma'ana, kuma shi ne ya yi kama da hanin Matan Fada.

Bikin dashen itatuwa ma bai tsira ba. Kowace damina shugabanni kan durƙusa su dasa, a ɗauki hoto, kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da mafi yawan dashen. Jamhuriyar Nijar ta mai da 3 ga Agusta ranar dashe, amma miliyoyin itatuwan da suka sake rufe gonakin Maradi da Damagaram tun daga shekarun 1980 ba daga biki suka fito ba. Manoma ne suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe har ya zama itace.

Me ya rage wa Kwatarkwashi? Dutsen na nan, tarihin na nan, masarautar na nan, ita ce kuma ke da bakin da mafarauta da masu magani za su saurara. Idan tsaro ya inganta aka waiwayi bikin, ana iya riƙe hawan dutse da kiɗa da kirarin samari, a mai da gasar ta zama ta gano sheƙa da ƙirga tsuntsu, ba ta kamu ba. Akwai ma ranar da ta dace: Asabar ta farko a watan Satumba, ranar ungulu ta duniya. Amma kafin ganga da rumfa, sai fada da ƙaramar hukumar Bungudu sun fara kafa doka a kan taɓa sheƙa da sayar da sassan tsuntsun a kasuwa, sun naɗa mai tsaronta kamar yadda Argungu ta yi. In ba a yi haka ba, kada a kira shi bikin kare muhalli.