Asalin Shanunmu: Yadda Jinin Mai Tozo Ya Gauraya Da Na Mara Tozo

Na tashi ina bin mahaifina kara a Ibadan. Da ido kawai yake raba Bunaji da Rahaji da Bokoloji. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne Keteku: tozonta ɗan ƙarami, jikinta gajere. Baba ya ce ruwa biyu ce, wato Bunaji ne ya haɗu da Muturu, 'yar gajerar saniyar nan ta kudu.

Da na bi karatu, sai na tarar kusan duk shanunmu haka suke. Shanun gida iri biyu ne tun asali. Marasa tozo an fara kiwonsu a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma su suka fara bazuwa a Afirka. Muturu da N'Dama da Kuri ta Tafkin Chadi daga cikinsu suke. Masu tozo kuwa asalinsu yankin Indiya da Pakistan na yau, sun shigo ta gabashin Afirka daga baya. Wani bincike da mujallar Nature Genetics ta buga a 2020 ya nuna cewa babbar gaurayar ta faru shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce.

Yaya aka gane? A ƙwayoyin gado, wato DNA, akwai wanda ake karɓa ta wajen uwa kaɗai. Masana sun tarar wannan gadon a shanun Afirka na marasa tozo ne, har a jikin masu tozo. Ke nan bijimai aka fi kawowa, suka yi barbara da shanun da suka tarar.

Kowane jini da amfaninsa. Mai tozo yana jure zafi da fari da doguwar tafiya. Muturu da N'Dama suna jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa a kurmi. Shi ya sa saniyar arewa kan rame a kudu, Keteku kuwa ta fi ta ƙarko.

Matsalar yanzu, Muturu tana ƙarewa saboda ba ta da girman da kasuwa ke so. In ta ɓace, wannan juriyar za ta ragu a hannunmu. Don haka 'yan uwa, mai niyyar kiwo a nan kudu ya tambayi asalin saniya kafin ya biya, kada girman jiki kaɗai ya ruɗe shi.