Garwa: Hannu Uku na Gwamnati Ɗaya

A watan Oktoba na 2015 Shugaba Barack Obama ya sanar da majalisar dokokin Amurka cewa zai tura sojoji kimanin 300 zuwa Kamaru. An sauke su a Garwa, birnin da ke bakin kogin Binuwai, tare da jirage marasa matuƙa da ba sa ɗauke da makami. Aikinsu shi ne leƙen zirga-zirgar Boko Haram a kan iyaka, su miƙa abin da suka gani ga sojojin Kamaru, musamman rundunar BIR.

Manufar Amurka a lokacin ita ce soja da jakada da ma'aikacin agaji su tafi tare: ma'aikatar tsaro ta horar da mayaƙa, ma'aikatar harkokin waje ta tantance rundunonin da suka cancanci taimako bisa dokar Leahy, wadda ta hana tallafa wa masu cin zarafin jama'a, hukumar USAID kuma ta kula da 'yan gudun hijira irin na sansanin Minawao. A takarda tsarin ya yi kyau. Sai dai kowane hannu yana da abin da yake tsoro. Soja yana gudun ɓata wa abokin yaƙi rai, jakada yana gudun abin kunya, mai agaji kuwa yana gudun a ɗauke shi ɗan leƙen asirin soja, domin daga ranar ƙauyawa za su daina sakin jiki da shi.

A ranar 18 ga Afrilu, 2016, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta nufi Minawao cikin jerin motoci da tsaro mai tsanani. Kusa da Mokolo, mota ɗaya daga cikin jerin, wanda ke sheƙa gudu saboda fargabar hari, ta buge wani ƙaramin yaro, ya rasu. Ziyarar jin ƙai ce, amma ƙa'idar tsaro ce ta yanke saurin tafiya. Jakadiyar ta koma ta yi wa iyayen yaron ta'aziyya a ranar.

Babbar ɓarakar ta bayyana a Yulin 2017, lokacin da Amnesty International ta ba da rahoton azabtar da tsararru a barikin Salak kusa da Marwa, inda sojojin Amurka ma ke shiga da fita. Tambayar da ta biyo baya mai nauyi ce: me sojan ya gani, kuma ya sanar da jakadan? Sai a Fabrairun 2019, bayan rikicin yankunan masu magana da Turanci ya ƙara tona halin rundunonin, aka yanke tallafin soja na kusan dala miliyan 17. Daga 1 ga Janairu, 2020 aka cire Kamaru daga rangwamen ciniki na AGOA, fiye da shekara biyu bayan rahoton Salak.