Baƙin Bazara: Tarihin Riƙon 'Ya'yan Sahrawi a Gidajen Sifaniya

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun saba ganin yaro ya tashi a hannun gwaggonsa ko kawunsa, har ya girma bai san wata uwa ba sai wadda ta riƙe shi. Amma riƙon da za mu duba a wannan maƙala ya sha bamban da namu, domin na wata biyu ne kacal a shekara, kuma babu dangantakar jini ko ta addini tsakanin mai riƙon da ɗan riƙon. Muna nufin shirin da mutanen Sifaniya suke kira Vacaciones en Paz, wato hutu cikin zaman lafiya, wanda a ƙarƙashinsa iyalai suke karɓar 'ya'yan 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara su zauna da su a lokacin hutun makaranta.

Ba za a fahimci wannan shiri ba sai an koma ga asalin gudun hijirar. Tun daga shekarar 1884 Sifaniya take mulkin mallakar Yammacin Sahara, har ma a 1958 ta mayar da yankin ɗaya daga cikin lardunanta. A watan Nuwamba na 1975, lokacin da shugabanta Janar Franco yake kwance rai a hannun Allah, Sarki Hassan na Biyu na Maroko ya tura mutane kimanin 350,000 suka tsallaka iyakar yankin. Cikin 'yan kwanaki aka ƙulla yarjejeniyar Madrid, Sifaniya ta sakar wa Maroko da Muritaniya ragamar ƙasar ba tare da an tambayi masu ita ba. Yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen nan biyu da ƙungiyar Polisario, dubban Sahrawi suka tsere zuwa kusa da garin Tinduf a kudu maso yammacin Aljeriya. Can suka kafa sansanoni, suka raɗa masu sunayen garuruwan da suka baro, irin su Layun da Samara da Dakhla.

Wurin da suka sauka kuwa fako ne mai duwatsu, ba ya noma, ruwansa kaɗan ne kuma da gishiri-gishiri. A watannin Yuli da Agusta zafi yakan kai ma'auni 50. Wannan zafi shi ne dalili na farko da ya sa aka yi tunanin fitar da yara. A 1979 aka kai rukunin farko, yara kimanin 100, da haɗin gwiwar Polisario da jam'iyyar kwaminis ta Sifaniya, aka sauke su a masaukai na bai-ɗaya. Sai daga baya, musamman bayan tsagaita wutar 1991, aka koma rarraba su gida-gida, shirin ya bunƙasa a hannun ƙungiyoyin sa-kai, tare da tallafin ƙananan hukumomi da gwamnatocin yankuna. A tsakiyar shekarun 2000 adadin yaran da ake ɗauka a shekara ya kusanci 10,000, kafin matsin tattalin arzikin da ya faro a 2008 ya rage shi ƙwarai. Yankin Andalus yana daga cikin waɗanda suka fi karɓar yaran, abin da zai ja hankalin duk wanda ya karanta tarihin Musulunci a wannan ƙasa.

Galibin yaran suna tsakanin shekara 8 zuwa 12. Jirgi yakan kwaso su daga Tinduf tare da masu kula da su. Da isarsu sai a kai su wurin likita a duba jini da ido da haƙori, domin ƙarancin jini ya yi yawa a sansanonin. Haka nan an gano cewa cutar nan da take hana hanji karɓar alkama ta yawaita a cikin Sahrawi fiye da yawancin al'ummomin duniya, alhali garin alkama yana daga cikin manyan kayan agajin da ake ciyar da su. Yaro da yawa a wannan tafiya aka fara sanin abin da yake damunsa. Ban da magani, akwai abubuwan da ɗan birni ba zai ɗauke su a bakin kome ba: famfo, matakalar bene, inuwar itace, da teku, wanda ƙasar iyayensu take bakinsa amma su ba su taɓa ganinsa ba.

Sai dai kada mu ɗauka cewa jinƙai ne tsagwaronsa. Polisario ta san amfanin da take samu, shi ya sa ake yi wa yaran laƙabi da ƙananan jakadu. Duk gidan da ya riƙe yaro wata biyu ya zama mai bin labarin Sahara, ya shiga tara abinci, wani ma ya yi tattaki har sansanin don ya gaida iyayen ɗansa. A namu ganin, yawancin masu riƙon suna jin cewa bashi ne ƙasarsu ta ci a 1975 ta ƙi biya, su kuma talakawa suke rage shi gwargwadon ƙarfinsu.

Riƙo kuwa ko a wurinmu ba ya rasa rikici, balle wanda ya haɗa Musulmi da gidan da ba na Musulmi ba. Akan gargaɗi masu masauki game da naman alade, amma tarbiyya ta wuce abinci. Yarinyar da ta saba da sutura da zaman gidan Turawa takan dawo tanti ta ga kome ya yi mata ƙunci. Wasu yaran an bar su a Sifaniya don karatu ko jinya, suka girma can, Larabcinsu na Hassaniyya ya yi rauni. An sami 'yan mata da suka je ziyarar gida bayan shekaru, danginsu suka hana su komawa, magana ta kai ga jaridu da ofisoshin jakadanci. Masu riƙon suna cewa an tauye haƙƙin baligar mace, iyaye suna cewa aro suka bayar, ba kyauta ba. Duk wanda ya taɓa ganin uwa da mariƙiya suna jayayya a kan auren 'ya zai gane zafin wannan gardama.

Nijeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi a 1984, amma ƙuri'ar raba-gardamar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi alkawari a 1991 ba a kaɗa ta ba, kuma tsagaita wutar ta rushe a Nuwamban 2020. Annobar korona ta dakatar da tafiyar yaran a 2020 da 2021. A watan Maris na 2022 Firayim Minista Pedro Sánchez ya bayyana goyon bayan gwamnatinsa ga shirin Maroko na ba yankin 'yancin cin gashin kai a ƙarƙashin tutarta. A bazarar wannan shekara jiragen Tinduf suka sake sauka a Sifaniya, kuma a cikin yaran da suka sauko akwai waɗanda iyayensu ma ta wannan hanya suka fara ganin teku.