Daga fatar karkanda zuwa idon kare

1/ Jiya a asibitin dabbobi na makarantarmu aka kawo wani kare, fatar idonsa ta yi jawur, kwantsa ta rufe shi. Mai shi ya ce wata biyu yana ɗiga masa maganin da ya saya a kemis. Da aka duba da na'ura, ashe yis ne. Ku biyo ni ku ji tarihin wannan ƙwaya.

2/ Sunanta Malassezia pachydermatis. Wani likita Ba'amurke, Fred Weidman, ya fara gano ta a 1925, kuma ba a jikin kare ba, a fatar karkandar Indiya. Sai a 1955 Gustafson, a Suwidin, ya nuna tana da hannu a ciwon kunnen karnuka.

3/ Dama tana zaune a fatar kare mai lafiya, har gefen ido, ba ruwanta da kowa. Idan aka yi ta ɗiga antibayotik ko siteroyid ne take samun fili.

4/ To ga inda matsalar take. Magungunan fungas kaɗan ne, don ƙwayar halittarsa ta yi kama da tamu, abin da zai kashe ta yakan taɓa mu. Natamycin, wanda ake ɗigawa a ido, daga ƙasar yankin Natal na Afirka ta Kudu aka samo shi a 1955. Amphotericin B kuma daga bakin kogin Orinoco a Benezuwela. Turɓaya fa, jama'a!

5/ Daga baya dangin azole suka zo: ketoconazole a 1981, fluconazole a 1990. Suna hana ƙwayar haɗa ergosterol, kitsen da ke riƙe tantanin da ya lulluɓe ta. Ita kuma ta koyi sauya wurin da maganin ke kamawa, ko ta tofar da shi waje. A 2011 masu bincike a Japan suka samu wadda ketoconazole da itraconazole ba sa yi wa komai, a jikin wani kare.

6/ Kar ka ce ai na kare ne. A 1998 aka wallafa yadda ta kama jarirai 15 a wani asibiti a Amurka. Binciken ya nuna ma'aikata ne suka ɗauko ta a hannu daga karnukansu na gida.

7/ Karen jiya dai an tsayar da maganin kemis ɗin, an tura samfur ɗakin gwaji. Muna jira mu ga ko azole zai ci.