Tarihin Keɓaɓɓun Kalmomin Sarrafa Kwamfuta a Hausa: Misali daga Ƙasar Ruma

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda kalmomin sarrafa kwamfuta da na kula da hanyoyin sadarwarta suka shigo Hausa, sa'an nan ta auna su da abin da ake faɗa a ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina. Za mu nuna cewa ta ƙofa biyu kalmomin nan suka shigo, ƙofar masana da ƙofar kasuwa.

2.0 Ƙofar Masana

Aikin ƙirƙiro wa baƙin abubuwa suna ya girmi kwamfuta a ƙasar Hausa. Tun 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa a Jihar Arewa, wadda ta dinga tace kalmomin aro na mulki da sana'a. A 1990 kuma aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ko da yake nazarin harshe da adabi ya sa a gaba. Daga irin wannan aiki aka gaji hanyoyi uku: aro, da faɗaɗa ma'ana, da ƙirƙira.

Da kwamfuta ta iso, sai aka bi da ita ta duk hanyoyin uku. An ari "fayil" da "intanet". An faɗaɗa ma'anar "manhaja", wadda da can tsarin karatun makaranta take nufi, ta zama sunan umurnin da ke tafiyar da na'ura. Haka "rumbu" ya tashi daga ma'ajin hatsi ya koma "rumbun bayanai". An kuma ƙirƙiro "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da "yanar gizo" da "kalmar sirri". Gidajen rediyo, musamman sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, su ne suka baza su. A zamanin Windows Vista kamfanin Microsoft ya fitar da fassarar Hausa, abin da ya tilasta neman suna ga na'urar da ke ajiye bayanai tana rarraba wa sauran. Cikin sunayen da masu fassara ke ba ta akwai "uwar garke".

3.0 Ƙofar Kasuwa

Mutumin Ruma ba a ofis ya fara gamuwa da waɗannan abubuwa ba, a tafin hannunsa ne, bayan da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001. Daga nan "sabis" da "data" da "caji" suka shiga bakin manomi da mahauci. Lambar BVN ta bankuna a 2014, da umurnin haɗa layin waya da lambar NIN a Disamban 2020, suka ƙara kai shi gaban mai kwamfuta.

Shekaru biyu sun fito da muhimmancin wannan a fili. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ciniki ta waya ya tsaya. A farkon 2023 kuma ƙarancin takardun kuɗi ya mai da mai POS bankin ƙauye. Duk da haka "babu sabis" kaɗai jama'a ke cewa, ko turken sadarwa ne ya lalace, ko uwar garken banki ce ta tsaya. Illar wannan babba ce: wanda bai rarrabe lambar asusu da kalmar sirri ba, shi ɗan damfara ke yi wa ƙarƙaf.

4.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa kalma ba ta kama ƙasa sai an ɗora ta a kan abin da jama'a suka sani, kuma an maimaita ta a kunnensu. Makiyayin Dajin Rugu ba ya bukatar a fassara masa uwar garke, haka manomi da rumbu. Abin da ya rage shi ne kalmomin masu kula da na'ura: izinin shiga, da kwafin ajiya, da katangar tsaro. Ya kamata jami'o'inmu da gidajen rediyo su daidaita su, a koyar da su a makarantu, domin mai dukiya ya san abin da ake yi da dukiyarsa.